Nauyin Sukari da Hudowar Rana a Cikin Tambulan

A jerin abubuwan sha da ake haɗawa a mashayun Amurka da manyan otel-otel na duniya, kaɗan ne ido ke ganewa daga nesa kamar wanda ake kira Tequila Sunrise, wato hudowar rana ta tekila. Dogon tambulan ne cike da ƙanƙara, gindinsa ja wur, tsakiyarsa ruwan goro, samansa ruwan ɗorawa, kowane launi yana narkewa cikin na kusa da shi har ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ƙungiyar masu sana'ar haɗa abin sha ta duniya, IBA, ta tsayar da ma'auninsa a kan abu uku kacal: mililita 45 na tekila, barasar nan ta ƙasar Meziko, da mililita 90 na ruwan lemon zaƙi, da mililita 15 na giranadin, wani jan ruwan sukari wanda asalinsa da rumman ake yi. A ma'aunin kicin, cokali uku ke nan, da cokali shida, da cokali ɗaya, duk na cin abinci. Ba a girgizawa, ba a damawa, ba a neman wani kayan aikin da babu shi a gida. Duk da wannan sauƙi, da yawa kan gwada su tashi da wani gurɓataccen ruwa mai kalar jan bulo, sai su ɗora laifin a kan tekilar da suka saya. Ita kuwa ba ta da laifi, domin tun farko ba ta da hannu a aikin. Hoton da ke cikin tambulan ɗin nan sukari ne ya zana shi da nauyinsa, barasar ta ɗauke suna ta ɗauke ciniki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin a yi nisa, akwai tambayar da mai karatu ke da haƙƙin yi. Mafi yawan masu karanta Hausa Musulmi ne, hukuncin barasa a wurinsu kuwa a fili yake, a jihohi da dama na arewacin Najeriya ma doka ta hana sayar da ita. To me ya kawo zancen tekila cikin rubutun da zai shiga irin waɗannan gidaje? Amsar tana cikin hujjar kanta. In har gaskiya ne sukari ne ke yin aikin, to ilimin da ke cikin wannan tambulan ilimin ruwa da sukari ne, mai amfani ga uwargidan da ke shirya abin sha na walimar suna kamar yadda yake da amfani ga ma'aikacin otel a birnin Kankun na Meziko. Akwai kuma wata fa'ida ta biyu. Wannan haɗi kamarsa ɗaya da lemon yara, kuma a liyafar ƙasashen waje a kan faranti ɗaya ake zagayawa da shi da ruwan 'ya'yan itatuwa. Matafiyin da ya san sunansa da abin da ke cikinsa ya fi wanda bai sani ba tsira daga kurɓar abin da bai yi niyya ba.

Lita ɗaya ta ruwa zalla nauyinta kilo ɗaya ne. Idan aka narkar da sukari a ciki, nauyin kan ƙaru fiye da yadda yawan ruwan ke ƙaruwa, don haka kowane cokali na ruwan sukari ya fi cokalin ruwa zalla nauyi. Ruwan lemon zaƙi yana ɗauke da sukari kimanin kashi goma cikin ɗari, lita ɗayarsa takan kai wajen kilo 1.04. Giranadin kuwa rabin nauyinsa ko fiye sukari ne, lita ɗayarsa takan kama daga kilo 1.2 zuwa 1.3, wato daidai da ruwan Mataccen Tekun nan na gefen ƙasar Jodan, wanda gishirinsa ya kai shi kilo 1.24, har mutum kan kwanta a kansa bai nutse ba. Barasa tana ɗaya gefen: zallarta kilo 0.79 ce a lita, tekilar kwalba mai ƙarfin kashi 40 kuma wajen 0.95. Idan aka gauraya tekilar da lemon bisa ma'aunin IBA, haɗin kan sauko zuwa wajen 1.01. A nan ne za a ga iyakar gudummawar barasar. Ta rage wa lemon nauyi da ɗigo uku cikin ɗari, alhali tazarar da ke tsakanin lemon da giranadin ta kusa kashi ashirin tun kafin ta iso. A cire ta gaba ɗaya, jan ruwan zai nutse zuwa gindin tambulan kamar yadda ya saba.

Wani zai ce ai kaurin giranadin ne ke sa shi nutsewa, tunda ga shi yana zuba a hankali kamar zuma. Kauri dabam, nauyi dabam, kuma duk mai girki ta san haka ko da ba ta taɓa faɗa ba: manja ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, amma a saman miya yake taruwa. Nauyi ne ke yanke hukuncin wanda zai zauna ƙasa. Aikin kauri shi ne riƙe jan ruwan wuri ɗaya a yayin da yake gangarawa, kada ya watse a hanya. Daga nan ne tsarin zubawar ya samo asali, kuma shi ne ya bambanta wannan haɗi da sauran abubuwan sha masu hawa-hawa. A salon Faransawa na jera launuka cikin ɗan ƙaramin kofi, mafi nauyi ake fara zubawa, sannan a riƙa ɗora masu sauƙi a kansa ta bayan cokali, a sami layuka rarrabe kamar an ja su da rula. A Tequila Sunrise an juya tsarin: mafi nauyi shi ne na ƙarshe. Ana so ya ratsa dukkan tsawon tambulan, ya bi ta tsakanin ƙanƙara, yana zubar da ɗan launinsa a hanya, gefensa yana cakuɗa da lemo, har ya isa ƙasa ya bazu. Abin da ya tsarma a hanya nauyinsa tsaka-tsaki ne, sai ya tsaya a tsakiya, ya ba da ruwan goron da ke haɗa jan da ɗorawar. Wanda ya fara zuba giranadin sannan ya kwarara lemo a kansa da ƙarfi, ya dama su ke nan da hannunsa. Wanda kuma ya yi ta lallaɓawa fiye da kima zai sami layi biyu rarrabe, babu wata rana da ta hudo.

Abin mamaki shi ne yadda hoton ke daɗewa. Sukari mai narkewa ne a ruwa, lemo kuma ruwa ne, to me ya hana su haɗewa nan take? Suna haɗewa, amma da tafiyar hawainiya. Idan ba a motsa ruwa ba, ƙwayoyin sukari sai sun yi ta kai-kawo da kansu kafin su yaɗu, kuma lissafin masana ya nuna cewa ratsa santimita ɗaya tak kan ɗauke su kusan kwana guda. Tambulan ɗin da ba zai wuce minti ashirin a hannu ba bai san da wannan ba. Ƙanƙarar ma taimako take yi ta fuska biyu. Gutsattsarinta suna tare ruwan, suna hana shi juyawa idan an ɗaga kofin, ruwan da ke narkewa daga jikinta kuma bai kai lemo nauyi ba, don haka a sama yake tsayawa, yana ƙara wa saman haske. Maƙiyan hoton dai motsi ne kawai: cokali, ko bututun zuƙa da aka soka aka juya, ko tafiya da faranti ana rangaji.

Saboda haka aikin gida gajere ne. A sami dogon tambulan siriri, domin a kofi mai faɗi jan ruwan shimfiɗewa zai yi ya zama ɗan siririn zobe. A cika shi da ƙanƙara manya-manya har baki, tunda dakakkiyar ƙanƙara saurin narkewa take yi, tana kuma riƙe jan a tsakiyar hanya. A zuba abin da zai zauna sama, wanda ya riga ya yi sanyi, a juya shi yanzu in za a juya, domin bayan wannan babu sauran juyi. Sannan a kawo cokali ɗaya na giranadin a tsiyaya shi a hankali ta jikin tambulan, wuri ɗaya, a janye hannu a jira daƙiƙa kaɗan. In ana son jan ya ɗan ƙara hawa, a sa dogon cokali har ƙasa a ɗago shi sau ɗaya a miƙe. A al'ada akan maƙala yankan lemo a bakin kofin, wasu su ƙara jan ceri. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan gara a amince wa cokali, domin giranadin ɗin da ya zarce ma'auni kan cinye rabin tambulan da ja, ya mayar da abin sha alewa.

Tunda jan ruwan ne mai aikin, shi ya fi cancanta a kashe wa lokaci, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yawancin kwalaben giranadin da ke kantuna a yau babu rumman a cikinsu ko kaɗan. Ruwan sukarin masara ne da sinadarin tsami da jan rini da ƙamshin masana'anta. Ta fuskar nauyi ba su da aibu, nutsewa suke yi sarai, shi ya sa babu wanda ya yi ƙorafi shekara da shekaru. Ta fuskar ɗanɗano kuwa su ne suka ja wa wannan haɗi baƙin jini a wurin masana harkar, domin zaƙi ne aka ɗora a kan zaƙi. Rumman na gaske yana da tsami da ɗan bauri mai kama harshe, abin da lemon zaƙi ya rasa ke nan. Yin sa a gida ba wuya: a matse 'ya'yan rumman a tace, a auna kofi ɗaya na ruwan da kofi ɗaya na sukari, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har sukarin ya narke, a sauke kafin ya tafasa sosai, domin doguwar tafasa kan mayar da jan ya koma ruwan ƙasa, ta kuma kashe ƙamshin. Wasu masu yin sa kan ɗiga masa ruwan furen lemo. In ya huce a zuba a kwalba mai tsabta a sa a firij, zai yi mako biyu zuwa uku. Wanda ya rage sukarin don gudun zaƙi ya tuna cewa nauyin yake ragewa. Gara ya bar ruwan da nauyinsa ya rage yawan da zai zuba.

Inda rumman ke da tsada ko wuyar samu, akwai madadinsa a kowace kasuwa ta ƙasar Hausa, kuma dangantakarsa da Meziko ta gaske ce. Mutanen ƙasar suna shan zoɓo kamar yadda muke sha, da sanyi da sukari, suna kiransa ruwan jamaika, kuma ƙasarsu na cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da maƙwabtansu. Jan zoɓo da jan rumman daga dangin sinadari ɗaya suke, tsaminsu ma ya yi kusa. Idan aka dafa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi duhu sosai, aka tace, aka narkar da sukari daidai yawan ruwan, an sami abin da zai nutse kamar giranadin, ya kuma fi na kwalba daɗi. Sharaɗi ɗaya ne: kada a sa kanwa. Masu sayar da zoɓo kan jefa 'yar kaɗan don kashe tsami, amma wannan launi a cikin tsami yake ja, da ya haɗu da kanwa sai ya dushe ya koma baƙi-baƙi, gindin tambulan ya yi kama da hadari.

Lemon kuwa, wanda shi ne kashi uku cikin biyar na abin da ke kofin, sabon matsi ya fi na kwali, kuma a matse shi dab da lokacin sha, domin wasu irin lemon ruwansu kan yi ɗaci idan ya jima a ajiye. A tace shi da rariya, saboda ɓargon lemo kan kama jan ruwan ya bar ɗige-ɗige a tsakiya. Koren bawon lemon Binuwai ba alamar ɗanye ba ne. Bawon lemo sai ya sha sanyin dare yake rikiɗa, abin da ƙasashe masu zafi ba su cika samu ba.

Yanzu ga hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan rubutu. Mai kishin tekila zai ce an yi mata rashin adalci, domin abin sha ba don kallo kaɗai ake yinsa ba, ɗanɗanon da ya raba wannan haɗi da lemon kwalba kuwa daga gare ta ya fito. Akwai gaskiya a nan, kuma tekila ba abin rainawa ba ce ta fuskar aikin da ke bayanta. Daga wani tsiro ake yin ta mai suna agabe, mai dogayen ganye masu ƙaya masu shuɗi-shuɗi, ɗan'uwan wanda ake yin igiyar sisal da shi a Tanzaniya. Yakan yi shekara shida zuwa takwas a gona yana tara abinci a gindinsa kafin manomi ya zo da wani faffaɗan ƙarfe mai kaifi ya sassare ganyen, ya bar kan da ya yi kama da ƙatuwar abarba, wanda kan kai nauyin buhun siminti ko ya fi. Ana gasa shi a tanderu har abin da ya tara ya rikiɗa ya zama sukari, a matse, a bar yis ya cinye sukarin, sannan a tatse barasar ta hanyar tururi sau biyu. Tun 1974 dokar Meziko ke kare sunan, a yau kuma an keɓe shi ga abin da aka yi a jihar Halisko, inda garin Tequila yake, da wasu yankuna na jihohi huɗu, wato Guanajuato da Michoacán da Nayarit da Tamaulipas. Tun 1994 akwai hukumar da ke sa ido a kan haka, a 2006 kuma UNESCO ta sa gonakin agaben yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Wato dai abubuwa ukun da ke cikin tambulan duk 'ya'yan sukari ne: wanda yis ya cinye ya zama mafi sauƙi, wanda lemo ya zo da shi ya tsaya tsakiya, wanda aka narkar da hannu ya tafi ƙasa.

Sai dai wannan tarihi mai daraja bai amsa tambayar ba, domin abin dubawa shi ne nawa ne daga cikinsa ke tsira a cikin kofin. Farar tekila da aka yi da agabe zalla tana da ƙamshin ganye da ɗan yaji kamar masoro. Wadda ta kwana a gangar katako daga wata biyu zuwa shekara, ko daga shekara ɗaya zuwa uku, ta ƙara da ƙamshin itacen. A zuba mata lemo ninki biyu da cokalin ruwan sukari, yawancin wannan ya tafi, sai ɗan zafi a maƙogwaro. Dokar ma ta yarda a kira abu tekila matuƙar kashi 51 na sukarinsa daga agabe ya fito, sauran 49 kuwa na rake ne ko masara, kuma irin wannan mai arha ita ce ta cika kasuwar Amurka a zamanin da haɗin ya yi tashe. Ba a taɓa jin masu shan sa na wancan lokaci sun koka ba.

Tarihin haɗin kansa ya ƙarfafa wannan zato. Sunan ya girmi abin da ake sha a yau. A shekarun da Amurka ta haramta barasa, daga 1920 zuwa 1933, masu kuɗinta kan tsallaka iyaka zuwa wurin shaƙatawa na Agua Caliente a Tijuwana ta Meziko, kuma a can an sha wani abu da wannan suna. Otel ɗin Arizona Biltmore da ke birnin Finiks shi ma yana iƙirarin cewa ma'aikacinsa Gene Sulit ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930 ko 1940. Amma waɗancan na farko babu lemon zaƙi a cikinsu: tekila ce da lemon tsami da ruwan soda da wata jar barasa mai zaƙi ta 'ya'yan itace, haɗin da ke barin tekila ta yi magana. Na yanzu a farkon shekarun 1970 aka haife shi, a gidan abinci na Trident da ke Sausalito, tsallaken gada daga San Faransisko, a hannun matasa biyu, Bobby Lozoff da Billy Rice. A 1972 mawaƙan Ingila na Rolling Stones suka sha shi a wata liyafa a wurin, suka ɗauki sunansa suka zaga Amurka da shi a rangadinsu na shekarar. A 1973 mawaƙan Eagles suka fitar da waƙa mai wannan suna, kamfanin tekila na Jose Cuervo kuma ya buga yadda ake haɗa shi a bayan kwalabensa. A 1988 har fim aka yi da sunan. A daidai wannan zamani ne, a 1971, wani mai gidan abinci a Dalas, Mariano Martinez, ya gyara injin askirim ya riƙa fitar da wani haɗin tekila mai ƙanƙara, wato margarita. Hanya ɗaya ce aka bi sau biyu: barasar da Amurkawa ke yi wa kallon abin shan 'yan tauri aka lulluɓe ta da sanyi da zaƙi da launi har ta shiga kowane gida. Haɗin ya yi nasara ne gwargwadon yadda ya ɓoye abin da aka sa masa sunansa.

Wannan ɓoyewa ita ce kuma haɗarinsa, kuma ya kamata a faɗe shi da lissafi. Mililita 45 na tekila mai ƙarfin kashi 40 na ɗauke da mililita 18 na barasa zalla, wajen giram 14. A cikin kofi mai mililita 150, ƙarfin ya kama kashi 12 kafin ƙanƙara ta narke, wato ya ninka na giyar kwalba ta yau da kullum fiye da sau biyu, alhali harshe lemo yake ji. Ɗacin barasa da zafinta su ne ke ja wa mai sha burki, sukari da sanyi kuwa sukan cire burkin. A gida abin ya fi muni, domin babu mai aunawa, tambulan ɗin gida kuma ya fi na mashaya girma. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Sukarin ma ba a bar shi a baya ba. Tsakanin lemon da giranadin, kofi ɗaya na ɗauke da kusan giram 20, alhali shawarar hukumar ita ce baligi kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma ya tsaya a 25, kuma ruwan 'ya'yan itace da aka matse yana cikin wannan lissafi. Wannan rabin gargaɗin ya shafi har wanda bai sa barasa ba.

Saura ƙorafi ɗaya, na masu ganin duk abin wasan yara ne. Sukan ce ai ba a iya shan sa yadda aka kawo shi: wanda ya zuƙa daga ƙasa zai sha sukari zalla, wanda ya kurɓa daga sama zai sha lemo, dole sai an juya, da an juya kuwa hoton ya tafi, an koma ga jan bulon da aka yi ta gudu. Haka ne, kuma babu amfanin musu. Amma an daɗe da tabbatar da cewa launin abin sha yana canza yadda mutane ke jin zaƙinsa, ja musamman, don haka minti ɗayan da ido ya yi yana kallo ya shiga cikin ɗanɗanon. Ban da haka, ajiye zaƙin a ƙasa yana ba mai sha ikon da ba ya samu a abin da aka dama tun daga kicin. In ya juya sau ɗaya ya sami ɗan zaƙi, in ya juya sosai ya sami dukkansa, in ya ga dama ya sha na sama ya bar jan a gindin kofi. Ga mai karɓar baƙi masu bambancin baki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya cire tekilar, abin da zai rasa shi ne ɗan zafin nan da ɗacin da ke hana zaƙi gundura, kuma ana iya mayar da gurbinsu. A goga ɗanyar citta a matse cokali ɗaya na shayi cikin lemon, a ƙara ruwan rabin lemon tsami da ɗan gishirin da bai wuce abin da yatsu biyu za su ɗauka ba. Cokali ukun da barasar ta bari a cike su da ruwan sanyi ko ruwan soda, wanda shi ma zai rage wa lemon nauyi, ko da bai kai yadda ita ta yi ba. In soda ce, a zuba ta kafin jan ruwan, a dakata kumfar ta lafa, domin kumfar da ke tasowa daga ƙasa damawa take yi kamar cokali, kuma in ta sami giranadin a hanya za ta ɗauko shi ta watsa har sama.